Sharar Filin Glenys

"Ta wa ce?" Glenys Pascoe ta daka tsawa daga bakin ragar tanis. "Na ce ta wa ce wannan?"

Ƙwallon dai ta riga ta ratsa tsakanin 'yan matan biyu, ta je ta daki wayar shinge ta gangaro. Tahlia ta kalli Mele, Mele ta kalli takalminta.

"Na zaci ta Mele ce, Misis Pascoe."

"Ni ma na zaci tata ce."

"Kun zata! Ku biyu, raket biyu, baki biyu, ƙwallo ta wuce ku kamar ta shiga kanti sayen burodi. Wasan bibbiyu da baki ake fara shi, 'yan nan. Kafin hannu ya motsa, a ce tawa ce, ko a ce taki ce. In kuma abokiyarki ta fita gefe, ki rufe mata gurbinta. Ba sai ta roƙe ki ba, ba kuma sai kin yi shela ba. A sake!"

Narelle, uwar Tahlia, tana jingine da shingen da ya raba gidanta da na Glenys, riƙe da kwanon yankakken lemu, tana danne dariya. Ita ma ta sha wannan tsawar tana 'yar firamare, a wannan filin, daga wannan bakin. Babu wani mahaluki a garin da ya yi firamare bai zubar da hawaye a bayan gidan Glenys ba. Uban Glenys ne ya yi filin tanis ɗin da ƙasar suri, ya farfasa ya daddaɓe har ta zama ja jawur, kuma tun daga lokacin ƙasar nan take son hidima kamar jariri: a yayyafa mata ruwa, a ja buhun algarara a kanta da safe don ta kwanta sumul, a zana layuka da farar ƙasa. Glenys ta haura tamanin, ƙafafunta sun zama kamar sillen kara, amma muryarta ko gezau.

Abu ɗaya ne kowa ya sani ba a kuma yin maganarsa. Glenys ba ta taɓa tsayawa a ɓangaren dama na filin. Dama ta Dot ce, yayarta, wadda suka kwashe kofunan yankin nan tare tun suna 'yan mata. Dot ta daɗe da rasuwa, amma har gobe in ƙwallo ta nufi dama, Glenys sai ta sauke raket ta ce a hankali, "Taki ce, Dot." Yara sun saba. Wasu daga cikinsu ma sun rantse cewa ƙura takan ɗan tashi a wurin.

A ranar, ana cikin sakewa, Glenys ta dafa sandar raga ta daɗe a sunkuye. Yaran suka yi cirko-cirko. Da ta ɗago, leɓɓanta sun yi toka-toka.

"Me kuke kallo? Igiyar takalmi nake dubawa. Ku je ku sha lemu."

Duk wannan a kan idon Graham, ɗan Dot, wanda ya tuƙo mota tun daga birnin Toowoomba yana zaune a baranda da takalmin ofis. Da yara suka watse sai ya sauko. Merv, tsohon direban babbar mota da ke ɗaya gefen gidan, shi ma ya ajiye tiyon ban ruwan tumatirinsa ya leƙo, don Merv ba a yin magana a unguwar ba da kunnensa ba.

"Anti, likita ya faɗa miki, ni ma na faɗa miki. An samu ɗaki a gidan kula da tsofaffi, kusa da ni. Akwai lambu."

"Akwai fili?"

"Anti…"

"To ka shiga ɗakin da kanka, ka fi ni kama da mai bukatar hutu. Ina da yara biyu da za su je gasar yanki ƙarshen wata, har yanzu ba su san bakinsu na magana ba ne. In sun buga sun dawo, ka zo mu yi faɗan da kyau."

"In kika faɗi fa? Wa zai sani?"

Nan ne Narelle ta tsoma baki, kuma da zuciya ɗaya ta yi. Tana son tsohuwar nan, son da ba ta taɓa faɗa mata ba don ta san baƙar maganar da za ta sha.

"Graham, ga ni nan, ga Merv. Kullum sai ɗayanmu ya gan ta. Na yi maka alkawari."

"Ƙwarai," in ji Merv. "Ai ko mutuwa ta zo, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta gyara riga tukuna."

"Kai kuma tumbinka zai tare mata hanya," Glenys ta ce. Sannan ta juya ga Narelle tana nuna ta da raket. "Amma ki ji, ba na son ƙwanƙwasa ƙofa safe da yamma kamar an ajiye yaye. Tun ina 'yar yarinya ban taɓa tashi ban ja buhu a filin nan ba. In kin leƙo ta tagarki kin ga fili a share, ina raye, ki sha shayinki. Ranar da kika ga ba a share ba, ki kira wannan ya zo ya kwashe ni."

Graham ya yi ta sosa ƙeya, daga baya ya yarda. Narelle ta juya za ta tafi sai ta ga Tahlia a bayan tankin ruwa, rungume da kwandon ƙwallaye.

"Ke, me kike yi a nan? Wuce gida ki yi wanka."

Mako bai zagayo ba zafi ya sauko wa garin, irin zafin da kwalta ke kama takalmi. Makaranta ta hana duk wani wasa a rana. Glenys ta leƙo ta shinge, da tawul a wuya, ta ce a gaya wa yara su zauna a gida sai iska ta canza, ita ma za ta kwanta ta saurari wasan kurket a rediyo ta ji yadda ƙattin banza ke zubar da ƙwallo. Tahlia da Mele suka koma fita da kare tun da asussuba, kafin ƙasa ta ɗau zafi, su dawo kafin Narelle ta gama miƙa.

Gidan Narelle irin na katakon nan ne mai dogayen ƙafafu, daga tagar kicin ana ganin filin gaba ɗaya. Kowace safiya sai ta ɗora buta, ta ɗaga labule. Fili a share. Sai ta sha shayinta, ta tafi kantin magani inda take aiki.

Sai dai wani abu ya riƙa sukar ta, ta rasa ko mene ne. Glenys takan ja buhunta ne a zagaye, daga waje zuwa ciki, kamar mai tuƙa tuwo a hankali, ta ƙare a sandar raga, ta bar sawun ƙafarta layi ɗaya zuwa ƙofa. Yanzu kuwa sharar a miƙe take, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, tana ɗan karkacewa, kuma babu sawu ko ɗaya. Kamar wanda ya yi sharar bai taka ƙasa ba. Narelle ta ce a ranta tsufa ne, mutum yakan canza hanya in numfashi ya yi masa kaɗan.

Akwai kuma hankakin da Glenys ke jefa wa guntun nama da safe. Da ma biyu ne ko uku. Sai ga su sun jeru a kan ƙarfen baranda, kullum suna ƙaruwa, ba kuka, ba tashi, duk sun juya baki wajen ƙofar baya. Wani shuɗin tawul yana rataye a igiya, ya bushe har ya ƙandare. Rediyo kuwa yana ta magana a ciki, ba a ƙara shi ba a rage shi, ko da kurket ya ƙare an koma farashin shanu.

Da yamma ɗaya ta ɗauki rabin kankana ta nufi gidan. Har ta taka matakalar farko sai ta tuna da raket ɗin da aka nuna ta da shi, da maganar yaye. Labulen ɗakin gaba yana ɗan motsi, alamar fanka na aiki. Ta tsaya jim, ta juya da kankanarta. Graham ya bugo waya a daren, ta ce masa lafiya lau, fili kamar an goge shi da dutsen guga.

Ranar da motar shara ke zagayawa, Narelle ta jawo kwandonta zuwa bakin titi. Na Merv yana waje. Na kowa yana waje. Gaban gidan Glenys wayam. Matar da take fitar da nata tun jajibiri, ta kuma bi layi tana yi wa masu makara gori.

Merv yana tsaye da gajeren wando yana sosa ciki.

"Merv, yaushe rabonka da ita?"

"Wa, shugabar ƙasa? Ai ga rediyonta can, ya hana ni barcin rana. Ga fili kuma an share. Sai dai in Dot ce ke tasowa tana yi mata." Ya yi dariya shi kaɗai.

"Ba rediyo na tambaye ka ba. Ido da ido."

Dariyar ta tsaya. "To… ai ke kike shiga. Na gan ki da kankana."

"Ban shiga ba. Na zaci kai kana gaisawa da ita ta shinge in kana ban ruwa."

"Ni kuma na zaci…"

Bai ƙarasa ba. Narelle ta riga ta saki kwandon, ya kife a kan kwalta.

Ta baya suka bi. Hankakin ba su tashi ba sai da Merv ya kaɗa musu hula, suka koma kan wayar shinge suka sake jeruwa. Ƙudaje sun yi baƙi a jikin ƙofar raga. Narelle ta kira sunan Glenys sau ɗaya. Mai rediyo ne ya amsa, yana cewa ana sa ran hadari daga yamma.

Glenys tana kwance a ƙasan ƙaramin ɗakin baya inda take ajiye kayan wasa, a kan gefenta, fuskarta na kallon ƙasan ƙofa. Hular ranarta na kanta. Kwandon ƙwallaye ya kife, sun watsu har ƙarƙashin kabad, ɗaya kuma tana cikin tafin hannunta. Ba sai an kira likita ya faɗa ba. Merv ya cire hularsa ya toshe hanci da ita, yana ta cewa, "Haba, Glenys. Haba, tsohuwa," hawaye na bin gemunsa.

Narelle ta ja da baya ta fita baranda don ta samu iska. Nan idonta ya sauka a kan filin. Ja, sumul, da damshin yayyafi a gefe-gefe, ko ganye ɗaya babu. Sharar safiyar yau ce. Buhun yana rataye a ƙusarsa, igiyar a naɗe tsaf. Duk zafin nan, sai da tsikar jikinta ta tashi tun daga ƙeya har dunduniya. Ta kalli ɓangaren dama na filin, ta yi sauri ta kau da kai.

Motar asibiti ta zo, ɗan sanda ya zo. Matar da ta duba gawar, wata mai furfura da taushin murya, ta ja Narelle gefe.

"Ba yau ba ce, ba kuma jiya ba. Da alama ƙugunta ne ya karye da ta faɗi."

"Nan take ta… ?"

Matar ta girgiza kai. "Ba zan yi miki ƙarya ba, 'yar'uwa. Ta ɗan jima."

Narelle ta kira Graham. Ta shirya jin zagi, ta ma fi son zagin. Shi kuwa sai ya ce, "Amma kin ce an share," ba da faɗa ba, kamar yaro mai tambayar hanya. Ta ce an share. Ya ce yana tafe.

Ba ta je aiki ba. Ta zauna a kicin da labule a sauke har aka tashi daga makaranta. Ta ji ƙarar keke, ta ji an jefar da jaka, sai ga Tahlia ta hawo da gudu, fuskarta ta yi ja.

"Mama, wai gaskiya ne? Mele ta ce an ga motar asibiti. Toowoomba aka kai ta? Ai ba a yi gasar ba tukuna! Ai an share filin!"

Narelle ta zaunar da ita a kujera, ta durƙusa a gabanta, ta faɗa mata da kalmomi mafi sauƙi da ta samu. Tahlia ba ta yi kuka nan da nan ba. Ta ƙura wa firiji ido. Narelle ta sunkuya tana kwance mata takalmi don hannunta ya samu abin yi, sai ta ga safar. Bakinta ja ne jawur, jan ƙasar suri, ga shi kuwa tun da zafi ya sauko babu yaron da ya taka filin.

"Tahlia. Wa yake share filin?"

"Ni da Mele."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da iska ta zubo ganye. Mun zo wucewa da kare ta lungun baya, muka ga ba a share ba. Kuma na ji ta ce in ba a share ba ki kira Mista Graham ya kwashe ta." Maganar ta fara fitowa da sauri. "Mun san ta gaji ne kawai, kin ga yadda take haki. Buhun da nauyi, sai muka kama igiyar mu biyu. Mele ta ce mu riƙa fita da baya muna goge sawunmu da tsintsiya, kar ta gane ta yi faɗa. Ba mu gaya wa kowa ba. Ita ta ce ba sai an yi shela ba."

Narelle ta dafa gwiwar 'yarta. Babu Dot, babu komai, sai yara biyu 'yan shekara goma da suka ji darasi suka riƙe shi da kyau.

"Amma ina jin ta gane mu ne, Mama."

"Me ya sa kika ce haka?"

"Tana buga mana ƙwallo. Daga cikin ɗakin baya. Kin san yadda take dukan ƙasa da ita kafin ta yi bugun fari? Haka. Tim, tim, tim. Sai ta tsaya, sai ta sake. Da muka matso kusa da baranda sai ta ƙara sauri. Mele ta ce tana nufin mu yi hanzari ne, kar mu yi lalaci. Sai muka yi sauri muka gudu." Ta ja hanci. "Kashegari ma ta buga, amma a hankali. Daga nan ba ta ƙara ba. Na zaci mun iya ne, shi ya sa."

Fanka na juyawa a sama. A waje wata mota ta wuce a hankali, irin tafiyar masu son ganin gidan da aka yi rasuwa. Narelle tana ganin hannun nan da ƙwallo a ciki, da fuskar da ke kallon ƙasan ƙofa, inda haske ke shigowa, inda ƙafafu huɗu ƙanana suke kai da kawowa. Tsohuwar da muryarta ke kaiwa ƙarshen layi, ashe muryar ce ta fara tafiya.

"Mama? Fushi take yi da mu? Don ba mu yi zagaye irin nata ba?"

Tahlia tana kallonta da idon nan nata mai jiran a faɗa mata ta wa ce. Narelle ta san akwai ranar da yarinyar za ta girma ta haɗa wannan da wancan da kanta, wataƙila tana tsaye a wani kicin ɗin, da nata 'ya'yan. Ba ta da ikon hana wannan ranar zuwa. Yau ɗin ce kawai a hannunta.

"A'a," ta ce. "Gaishe ku take yi. Kin san ta, ba ta iya cewa na gode da baki ba."

"Da gaske?"

"Da gaske. Ta ji daɗi sosai."

Sai a lokacin kukan ya zo. Narelle ta rungume ta har rigarta ta jiƙe, tana shafa mata baya, idanunta a bushe suna kallon labule. Da kukan ya lafa, Tahlia ta share fuska da bayan hannu ta ce za su buga gasar duk da haka, ita da Mele, kuma za su yi magana da ƙarfi har a ji su a Toowoomba. Narelle ta ce haka ya kamata. Ta ba ta ruwan sanyi, ta ce ta je ta huta.

Ba ta huta ba. Ta ɗauki raket da ƙwallo ta sauka ƙarƙashin gidan, inda akwai inuwa da daɓen siminti.

Narelle ta tsinci safar daga ƙasa, ta kai wurin wanke-wanke ta buɗe famfo. Ruwan ya yi ja, ya yi ruwan hoda, ya koma fari. Hadarin da aka ce yana tafe ya fara haɗuwa, kicin ɗin ya yi duhu-duhu. Sai ta ji shi ta cikin katakon da take tsaye a kai, daidai ƙarƙashin tafin ƙafarta. Tim, tim, tim. Shiru. Tim, tim, tim.

Ta ƙara buɗe famfon har ƙarshe. Ta tsaya a nan da safar a hannu, ruwa na zuba a kan yatsunta.